Kunama Mai Taushi a Bindigar Usuman

Akwai wani mutum da aka yi a Jidda wajajen ƙarshen shekarun 1960, sunansa Abdulghaffar. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa don aikin Hajji, da ya sauke farali kuma bai koma ba. A nan aka haifi uban Abdulghaffar, a nan aka haife shi, a unguwar Bani Malik, lokacin tana can bakin gari.

Gyaran ƙarfe ne sana'arsa. Yana da 'yar rumfar kwano inda ake kawo masa risho da famfo da kwaɗo da keken ɗinki. Amma abin da ya yi masa suna shi ne bindiga. Masu farauta da masu gadi duk sun san hanyar rumfarsa.

Hannu gare shi, wannan ba mai musu. Matsalar ita ce shi ma ya san da haka. In ya gyara abu ka dawo ka ce bai yi ba, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce kai ne ba ka iya riƙewa ba. Tunda ya buɗe rumfar nan ba wanda ya taɓa jin "na yi kuskure" daga bakinsa.

Wata rana wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo masa ɗan akwati daga tashar jiragen. A ciki kunamun bindiga ne, wato ɗan ƙarfen nan da ake ja da yatsa bindiga ta tashi. Ba masu ƙera bindigar ne suka yi su ba. Wasu ne daban a Turai suke yin su don a cire ta asali a sa tasu. Sai ƙyalli suke yi, ga wata 'yar kusa a jiki da ake murɗawa a ƙara musu taushi.

Abdulghaffar ya sa ɗaya a tasa bindigar. Kunamar asali sai ka ja da ƙarfi kafin ta saki. Wannan kuwa da yatsa ya ɗan jingina, shi ke nan.

Duk Juma'a bayan la'asar akwai wasu abokai da ke haɗuwa a gindin duwatsun gabas da gari, su jera gwangwanaye su yi ta harbi. Ran nan Abdulghaffar bai bar gwangwani ko ɗaya a tsaye ba. Aka yi ta mashaAllah, aka kewaye shi.

Ya ɗaga bindigar ya ce, "Wannan kunamar sai dai jikokinku su gaje ta. In ta taɓa ba wani kunya, ku zo ku rufe rumfata da hannunku."

Kafin wata ya ƙare ya sa wa wasu daga cikinsu.

Matarsa Zakiya 'yar Hausawan Sudan ce, suna da 'ya ɗaya, Madina, shi ya sa ake ce masa Abu Madina. Tana da wa, Usuman, wanda ya ƙetaro teku da iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin wani attajirin dabbobi. Aikinsa gadin tumakin da ake saukewa daga jirgi, a wani fili kudu da gari, wajen da yanzu ake kira Kurayyat. A lokacin ba komai a wurin sai shingaye da rumfuna da iskar teku mai gishiri. Karnukan da ba su da mai su kan zo garke-garke, wani lokaci har kura ta gangaro daga dutse. Saboda haka kafilinsa, attajirin nan da ya tsaya masa, ya nemo masa izinin riƙe bindiga, kuma kusan kullum sai ya harba ta.

Wata ranar kasuwa Usuman ya shigo gari ya biya ta rumfar don a share masa bindigar. Abdulghaffar ya karɓa, ya ja kunamar, ya yi dariya.

"Yaya Usuman, wannan ai ba kunama ba ce, guga ne. Kafin ka gama ja, kare ya cinye tunkiyar ya sha ruwa."

Usuman mutum ne mai sanyi. Ya yi murmushi ya ce, "Haka na same ta, haka muka saba."

"Bari in sa maka irin tawa."

Usuman ya karɓi sabuwar kunamar ya juya ta a tafin hannunsa. "Kyakkyawa ce, ba shakka. Amma Abu Madina, kai ranar Juma'a kawai kake harbi, ka goge ka rataye. Tawa a rairayi take kwana, a gishiri take yini. Za ta jure?"

Akwai mutane zaune a bencin ƙofar rumfar suna shan shayi, duk sun ji. Fuskar Abdulghaffar ta canja.

"Yanzu ni za a tambaya ko ƙarfe zai jure? Ni da na tashi cikin ƙarfe?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To halas, magana ta ƙare. Kawo. In ta yi maka wani abu, ni ne."

Usuman bai so ya kunyata mijin ƙanwarsa a gaban jama'a ba. Ya miƙa bindigar. Abdulghaffar ya cire tsohuwar kunamar ya jefa a kwandon tarkace, ya sa sabuwa, ya murɗa 'yar kusar nan har ta kai ƙarshen taushinta.

Watanni suka wuce. Duk wanda ya zo rumfar sai ya ji labarin kunamar.

Sai wata Juma'a, ana gab da Hajji, Abdulghaffar ya riga abokansa isa gindin dutse. Ya sa harsashi, ya tura sakatar bindigar gaba don ya rufe. Yatsansa bai ko kusanci kunamar ba.

Bindiga ta tashi.

Harsashin ya tone ƙasa kusa da babban yatsan ƙafarsa, tsakuwa ta watsu a ƙwaurinsa. Ya tsaya ƙiƙam, kunnuwansa na ƙugi. Ya dubi hannunsa na dama. Yana nan a kan sakata.

Can sai ga motar abokansa. Ɗaya ya leƙo yana dariya, "Ka fara ba mu, ya sheikh?"

Abdulghaffar ya sa ƙafa ya rufe ramin da harsashin ya yi. Ya ce, "Wani tsohon harsashi nake gwadawa." Ya ce kansa na ciwo, ya koma gida bai ƙara harbi ba.

Washegari ya ja ƙyauren rumfarsa ya kwance bindigar. A jikin kunama akwai wani ɗan haƙorin ƙarfe, shi ke riƙe da allurar da ke bugun harsashi har sai an ja. Ya ɗaga shi a haske. Bakin haƙorin da ya kamata ya zama mai kaifi ya side, ya yi sumul. Ya ɗan goga masa magagari, sai ƙarfen ya bi kamar sabulu. Ashe bayansa kawai aka ƙona ya yi tauri, cikinsa ɗanye ne. Ga kuma tsatsa ta fara cin gindinsa.

Ya mayar, ya yi ta buɗe sakatar yana rufewa ba harsashi. Sau da yawa lafiya lau. Can sai ya ji ƙyas, allura ta saki da kanta.

Gumi ya karyo masa. In tasa da ke hutawa sati guda ta side haka, ina ga ta Usuman da ke aiki kullum?

Ya miƙe kamar zai fita. Sai idonsa ya sauka kan bencin ƙofar rumfa. Ya tuna mutanen da ke zaune ranar, ya tuna abin da ya faɗa a gindin dutse da murya sama. Ya hango kansa yana bi gida-gida yana cewa a ba shi bindiga, ya sa abin banza. Ya hango yadda za a yi ta maimaita labarin a wurin shan shayi.

Ya koma ya zauna.

Ya ce a ransa, bari Hajji ya wuce. In bi su ɗaya bayan ɗaya in ce wanki da mai zan yi musu kyauta, in canja a ɓoye, ba wanda zai sani. Usuman kuwa ai daji yake nuna wa bindiga, ba mutane ba.

Da wannan ya lallashi zuciyarsa.

A cikin satin ne Sauda, matar Usuman, ta haihu. Namiji. Sun daɗe suna nema, har an fara daina yi musu zancen. Zakiya ta kasa zaune ta kasa tsaye don murna. Ta ɗaure kayanta da na 'yarsu Madina, za ta je ta zauna da mai jego har suna.

Tana ƙulla ɗankwali ta dubi mijinta. "Baban Madina, lafiya kuwa? Kwana biyu ba ka cin abinci."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Ranar sunan dai da wuri za ka zo ko?"

"Zan taho da rana. Akwai risho na mutane da na yi alkawari."

Ba risho ba ne. Ido da ido da Usuman ne ba ya so.

Ta kai ƙofa ta juyo. "Akwai saƙo ga Yaya?"

Maganar ta zo masa har bakin leɓe. Ki ce ya ajiye bindigar nan, kada ya taɓa ta sai na zo. Abin da zai faɗa ke nan, ba ƙari. Zakiya na tsaye tana jira, Madina na jan gefen mayafinta.

Ya ce, "Ki ce ina yi masa barka."

Ranar suna, an idar da sallar asuba, yana neman takalminsa a ƙofar masallaci, sai ga Na'ibi maƙwabcinsa. Na'ibi direban tankar ruwa ne, shi ke kai ruwa shingayen tumaki.

"A'a, Abu Madina, kana nan? Na ɗauka a can ka kwana. Yau fa akwai kallo. Jiya na tarar da surukinka yana ta shafa wa bindiga mai. Ya ce da an raɗa sunan nan sai an ji ƙararta har cikin teku."

Takalmin ya suɓuce daga hannun Abdulghaffar.

"Harbi zai yi? A wurin sunan?"

"To da fa? Ɗan fari bayan wannan jiran? Ai ko ni ne sai na harba."

"Ina motarka?"

"Ga ta can, na cika tun jiya. Sai na karya tukuna..."

Abdulghaffar ya damƙi hannunsa. "Yalla. Yanzu. Don girman Allah, Na'ibi, yanzu."

Tankar cike take da ruwa, tafiya take kamar tsohuwar raƙuma. Suna fita unguwa rana ta fara leƙowa. Abdulghaffar ya san yadda ake yi. Da hantsi ya ɗan ɗaga malamai za su taru, a yanka rago, a raɗa suna.

"Taka mana!"

"Ina takawa. Wai me ya faru ne? Wani ne ba lafiya?"

Abdulghaffar ya buɗe baki. Mutum ɗaya ne a gabansa, maƙwabcinsa, ba taro ba. Duk da haka harshensa ya ƙi.

"Kai dai ja mota."

Da suka iso inda hanyar tashar jiragen ruwa ta haɗu da ta Makka, sai suka tarar da ita a cushe. Manyan motoci maƙil da alhazai cikin farin harami, an ɗaure kaya a sama, suna ta talbiyya. Wani askari, ɗan sandan hanya, ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Mota na wucewa, wata na biyo ta. Abdulghaffar ya yi ta dukan gwiwarsa da hannu. Yana jin muryoyin alhazan, yana so ya yi addu'a, amma kunyar abin da zai roƙa ta hana shi.

Da ƙyar aka ba su hanya. Suka bar kwalta suka hau turɓaya. Rana ta fito sosai. Daga nesa ya fara hango rumfunan, da hayaƙin girki yana tashi.

Sai garken tumaki ya tare hanya, sababbin sauka daga jirgi, dubbai, makiyaya na kora su a hankali. Na'ibi ya yi ta danna oda, tumaki ko a jikinsu.

Abdulghaffar ya buɗe ƙofa ya dira. Ya kutsa cikin tumakin yana ture su da gwiwa. Takalminsa ɗaya ya maƙale a rairayi, ya bar shi, ya tuɓe ɗayan ma. Ya sheƙa da gudu, ƙaya na sukarsa bai ji ba.

Yana kusantowa ya ga maza zaune kan tabarmi a inuwar rumfa, hannuwa sama ana shafa fatiha. A gefe ga wurin mata, an kewaye shi da tabarmin kaba a tsaye. Ya ji wani ya ɗaga murya, "Mahmud! Sunan yaro Mahmud!"

Mata suka ɗauki guɗa.

Usuman ya miƙe cikin farar jallabiya, fuskarsa kamar an kunna fitila. Ya ɗauko bindigar da ke jingine da turken rumfa. Ya riƙe ta a kwankwaso, bakinta na kallon gefe, ya sa harsashi, nufinsa ya rufe sannan ya ɗaga sama.

"Yaya Usuman! Kada ka rufe!"

Numfashinsa ya ƙare, muryar ta fito a shaƙe. Guɗa ta haɗiye ta.

Ya ga tafin hannun Usuman ya tura sakatar.

Ƙarar ta yanke guɗar kamar da wuƙa. Wuri ya yi tsit. A jikin tabarmar da ta kewaye mata ga wani ɗan rami, ƙarami, kamar an soka da tsinke.

Sai jariri ya tsanyara kuka. Sai ihun mata.

Abdulghaffar ne ya fara yaye tabarmar. Zakiya na zaune a ƙasa, ta rungume jaririn a ƙirjinta da hannun hagu, ta ƙanƙame shi. Hannunta na dama na lilo, jini ya jiƙa mayafin tun daga kafaɗa har cinya. Madina na maƙale a bayanta ta kasa ko kuka.

"Ku karɓi yaron," in ji Zakiya a hankali. "Ku duba shi."

Sauda ta fizge shi tana juya shi gaba da baya, tana laluben jikinsa. Ko ƙwarzane babu. Da Zakiya ta ji haka sai idanunta suka juye, ta sulale.

Aka ɗaure hannun da rawani, aka sa ta a bayan motar wani baƙo. Kafin su tashi Abdulghaffar ya waiwaya. Usuman na durƙushe a rairayi, bindigar a gabansa, yana kallon yatsunsa.

"Ban taɓa ta ba. Wallahi ban taɓa kunamar ba." Ya ɗago ido yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. "Ko na taɓa? Jama'a, na taɓa ne?"



A asibiti aka shige da ita, aka bar Abdulghaffar a baranda ba takalmi. Har azahar ba labari. Can likita ya fito ya ce za ta rayu, amma harsashin ya farfasa ƙashi sama da gwiwar hannu.

Na'ibi ya iso daga baya, shi ya kawo sauran labarin. 'Yan sanda sun tafi da Usuman da bindigar. Wakilin kafilinsa ya zo wurin, ya ce su ba ruwansu da mai sakaci da makami a cikin taro. Za a soke iƙamarsa. In ya gama zaman kurkuku, jirgi za a sa shi a mayar da shi Sudan.

"Kowa ya ce murna ce ta sa yatsansa ya zame," in ji Na'ibi. "Shi kansa ya fara yarda. Sauda kuwa tana can da jariri, ko ruwa ta ƙi sha."

Abdulghaffar ya ga ƙofar tsira a buɗe take. Ba wanda ya san komai. Ba wanda ya ji abin da ya faɗa da ya iso. In ya ja bakinsa, rumfarsa na nan, sunansa na nan. Bayan Hajji ya bi sauran bindigogin ya canja kamar yadda ya tsara.

Da la'asar aka ce zai iya ganinta.

Tana kwance, an naɗe hannun har wuya, leɓunanta sun bushe. Da ta gan shi abin da ta fara cewa shi ne, "Kada a taɓa Yaya. Ka je ka faɗa musu ni na yafe. Tsautsayi ne."

"Zan je."

Ta daɗe tana dubansa. Idonta ya sauka kan ƙafafunsa, duk ƙaya da busasshen jini.

"Matan da suka rako ni sun ce a guje ka iso. Kai da ka ce sai da rana." "Baban Madina, me ka zo faɗa?"

Ya zauna a ƙasa gefen gadon, ya faɗa mata duka. Juma'ar gindin dutse, da haƙorin da ya side, da ranar da ta tsaya a ƙofa tana tambayar saƙo.

Ba ta yi kuka ba. Ta juya fuskarta bango.

"Yaron nan a ƙirjina yake," ta ce. "Da na ɗan juya kaɗan, da shi ne."

Ba ta juyo daga bangon ba, ta ƙara da cewa:

"Ba ni za ka faɗa wa ba. Ka san inda za ka kai ta."

A ofishin 'yan sanda ya tarar da wani hafsa mai furfura a gemu, bindigar na kan teburinsa. Abdulghaffar ya yi bayani da Larabci. Hafsan ya saurara yana kaɗa kai.

"Kowa ya zo ceton ɗan'uwansa sai ya ce laifin ƙarfe ne. Bindiga ba ta tashi da kanta."

"A ba ni in nuna."

Hafsan ya sa aka fito da Usuman, jallabiyarsa duk ƙasa. Ya duba bindigar da kansa ya tabbatar ba harsashi, sannan ya miƙa.

Abdulghaffar ya ɗora ta a tebur, ya naɗe yatsunsa nesa da kunamar yadda kowa zai gani. Ya ja sakata, ya tura. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya sake, ya kuma sakewa. Kunamar ta riƙe ƙam kamar sabuwa.

Hafsan ya miƙo hannu. "Halas. Ka yi ƙoƙari. Tafi ka kula da matarka."

An sallame shi. Ya zo, ya faɗa, ba a yarda ba. Wa zai zarge shi? Ya ji wani sanyi na neman shiga zuciyarsa, ya ji tsoron sanyin nan fiye da tsoron kurkuku.

Bai saki bindigar ba.

"Sau ɗaya, ranka ya daɗe. A hankali nake turawa. Mai murna ba haka yake rufewa ba."

Ya ja sakatar baya, ya buga ta gaba da tafin hannu, da ƙarfi.

Ƙyas.

Duk ɗakin an ji. Hafsan ya karɓa ya gwada da kansa, da ƙarfi, ta sake saki. Ya ajiye ta a hankali kamar mai ajiye maciji.

"Wa ya sa wannan kunamar?"

"Ni."

"Ka san tana haka?"

Usuman ya ɗago kai. Abdulghaffar ya ji idonsa a gefen fuskarsa kamar garwashi.

"Na sani. Tawa ta yi min haka tun kafin a yi haihuwar. Ban faɗa wa kowa ba. Kuma akwai wasu a gari da na sa musu, a aika a karɓo tun kafin dare."

Ya faɗi sunayensu. Kafin magariba an tattaro bindigogin.

A daren aka saki Usuman. Da zai fita ya wuce ta gaban Abdulghaffar, bai dube shi ba.

Abdulghaffar ya yi watanni a tsare. Da Zakiya ta tashi ta je gaban alƙali da kanta ta ce ta yafe haƙƙinta, shi ya sa abin bai kai inda ake tsoro ba. Amma an haramta masa taɓa bindiga har abada. Da ya fito ya tarar bencin ƙofar rumfarsa ba kowa. Ya koma gyaran risho da kwaɗo, su ma sai wanda bai san labarin ba.

Hannun Zakiya bai ƙara miƙewa ba. A lanƙwashe ya warke. Ba ta iya tuƙa tuwo, ba ta iya yi wa Madina kitso. Abdulghaffar ne ya koyi riƙe muciya. Kullum da yamma za ka gan shi a tsugunne gaban murhu, ita kuma tana zaune tana gaya masa ya ƙara gari ko ya rage wuta. Ba ta taɓa goranta masa ba. Shi kuwa da ta yi gorin da ya fi masa sauƙi.

Usuman bai taka gidan ba sai da Mahmud ya fara tafiya. Ya zo wata yamma ya gaida ƙanwarsa, ya fito ya tarar da Abdulghaffar a ƙofar gida ya sunkuyar da kai. Ya tsaya a kansa.

"Abu Madina, ka san abin da ya fi ci min rai? Ba kunamar ba ce. Ƙarfe ne, kai ma ruɗar ka ya yi. Da ka zo ka ce min, Yaya, abin nan da na sa maka ba shi da kyau, ka san me zan ce?"

Abdulghaffar ya girgiza kai.

"Cewa zan yi Allah ya kiyaye gaba, in ɗora mana shayi. Shi ke nan fa. Abin da ka yi ta gudu ke nan."

Abdulghaffar ya rufe fuskarsa da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Usuman ya daɗe a tsaye. Daga baya ya tattara jallabiyarsa ya zauna a gefen tabarmar.

Darasi: Kuskure ba ya kashe mutunci, ɓoye shi ne ke kashewa. Abu mai ƙyalli da daɗin hannu ba a yabonsa sai ya sha aiki an ga yadda ya jure. In kuma ka gano aibi a abin da ka yi, ko ka sayar, ko ka ba da shawara a kai, musamman wanda ran mutane ya rataya a kansa, faɗi yau, kada ka jira lokacin da ba za ka ji kunya ba. Kunyar ta ɗan lokaci ce, amma wani ne zai ɗauki raunin har ƙarshen rayuwarsa, kuma sau da yawa wanda ka fi ƙauna ne. Ku tura wa makanikai da magina da masu sayar da magani da duk wanda mutane suka amince wa hannunsa. Wataƙila akwai mai maganar da ta tsaya masa a bakin leɓe yau.